Gandu Uku: Asalin Mallakar Ƙasa da Tarihin Iyalai a Yankin Takieta

Jawabin da aka gabatar a bikin cikar sarauta shekara ɗari



Gabatarwa

Sarautar da ta cika shekara ɗari ta ga fari ta ga ƙoshi, ta ga zamanin kwamandan ta ga na ƴancin kai. A cikin ƙararrakin da aka kawo ƙofar fada a tsawon wannan lokaci, da wuya a sami wadda ta kai rikicin gona cin lokaci da ɓata zumunta. Mutum biyu sukan tsaya gaban sarki, kowanne ya rantse cewa gonar ta kakansa ce, kuma mai yiwuwa babu maƙaryaci a cikinsu. Dalili kuwa yana cikin tarihi.

Kalmar gandu a bakin Bahaushe tana ɗauke da ma'ana uku da suka shafi ƙasa. Akwai gandun gida, gonar da maigida ke nomawa tare da ƙannensa da ƴaƴansa. Akwai gandun sarki, ƙatuwar gonar da bayi ke nomawa. Akwai kuma gandun daji, wanda Turawan Faransa suka shata suka hana shiga. Ƙasar Takieta ta ga dukkan ukun, kuma kowannensu ya bar zuri'a, ya bar da'awa a kan ƙasa. Wannan jawabi zai bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya duba nauyin da suka bari a wuyan sarauta.

Gandu na farko: gandun gida

Ƙa'idar farko ta mallakar ƙasa a nan ita ce ta sauran ƙasar Hausa: wanda ya fara saran daji ya gina rijiya, shi ke da wuri. Sau da yawa maharbi ne, ko manomin da gona ta yi wa kaɗan a garinsu, ko malami da almajiransa. Gidan da ya fara sauka shi ke riƙe garin. Baƙo idan ya zo sai ya yi sallama da mai gari, a nuna masa inda zai sara, da kaka kuma ya kawo dami ɗaya ko biyu na gero. Damin nan ba ya cika rumbu, amma shi ne shaida. Muddin ana kawo shi, kowa ya san wanda ya bayar da wanda aka bai wa. Shari'ar Musulunci ta zo ta tarar da wannan al'ada ta ƙarfafa ta, domin malaman Malikiyya sun yi bayani a kan raya matacciyar ƙasa, har Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da fili.

A cikin gandun gida rumbu ɗaya ne, tukunya ɗaya. Ana fita tun da safe a yi aiki tare har azahar, daga nan kowa ya wuce gayaunarsa, wadda a wasu wurare ake kira gamana. Maigida shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa saurayi auren fari. Idan ya rasu, ko dai babban ɗa ya riƙe gandun, ko a raba gado. Iyaka kuwa ba ta wuce layin gamba, ko gawo, ko kuka, ko tsohuwar rijiya ba. Gonar da ta gaji sai a bar ta saura ta huta shekaru, ciyawa ta rufe ta, dabbobi su yi kiwo a ciki, amma duk gari ya san mai ita.

Sayar da gona abu ne da ba a saba ba a wancan zamani, tunda daji na nan a yalwace. Gado da kyauta da aro da jingina su ne hanyoyin da ƙasa ke bi daga hannu zuwa hannu. Saboda haka tarihin kowace gona tarihin iyali ne: wa ya sara, wa ya haifa, wa ya aura, wa ya ara.

Gandu na biyu: gandun sarki

Gidan sarautar Damagaram ya samo asali daga wani malami da ya fito daga ɓangaren Barno a ƙarni na 18. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ɗan Tintuma ya mai da Zinder mazaunin mulki, ana kai gaisuwa Barno. Baturen Ingila James Richardson, wanda ya sauka Zinder a watan Janairu 1851 a zamanin Sarki Ibrahim, ya rubuta yadda ya ga ana fita hari ana dawowa da bayi. Daular ta kai ƙololuwar ƙarfinta a hannun Sarki Tanimun, wanda ya yi mulki daga tsakiyar ƙarnin har rasuwarsa a 1884. Shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya tara bindigogi, ya sa aka ƙera igwa a cikin Zinder, ya faɗaɗa ƙasar ta kowace fuska.

Runduna irin wannan ba ta tafiya da ciki wofi. Dawaki na son hatsi, fada na son hatsi, ayarin raƙuman da ke ɗaukar fatu da gashin jimina zuwa Tarabulus shi ma yana son guzuri. Daga nan gandun sarki ya bunƙasa. Bayin da aka kamo a yaƙi, wasu a tura su arewa, wasu a sa su cikin dakaru ko hidimar fada, wasu kuma a zaunar da su a ƙauyuka su yi noma. Masu sarauta da manyan attajirai sun bi sahun sarki, Abzinawa ma suna da gonaki a Damargu da kudancinta inda bayinsu ke noma geron da ake haurawa da shi Abzin. Irin wannan tsari ne aka sani a Kano, inda har yau sunayen Gandun Albasa da Nasarawa da Ɗorayi da Fanisau ke tunatar da gonakin sarki na da.

A ƙasar Hausa irin wannan mazauni na bayi ana kiransa rinji, mai kula da aikin kuma sarkin gandu. Bawa yakan yi wa ubangidansa aiki wani yanki na yini, sauran ya noma ƴar gayaunarsa. Wanda ya sami yardar ubangida yakan biya murgu ya yi sana'ar kansa, wanda ya tara abin hannu ya fanshi kansa. Ƴaƴan da aka haifa a cikin gandu sun tashi ba su san wani gari ba sai wannan, ba su san wani harshe ba sai Hausa. Ɗan da sa-ɗaka ta haifa wa ubangidanta kuwa ɗa ne a shari'a, yana cin gado, yana iya cin sarauta. Ta haka jini ya gauraya tun da wuri, fiye da yadda masu tone-tonen asali ke so a tuna.

Ikon sarki a kan ƙasa bai tsaya ga hatsi ba. Har yau dattawa na ba da labarin dokar Tanimun a kan gawo, wadda ta tanadi hukunci mai tsanani ga wanda ya sare shi. Manomi ya san dalili: gawo na zubar da ganye da damina, ba ya hana gero rana, yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da rani.

Zuwan Turawa

A watan Mayu 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder, a zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. Bayan shekara ɗaya rundunar Faransa da Voulet da Chanoine suka jagoranta ta biyo ta yamma tana ƙone garuruwa. Sojojinsu suka kashe su a ƙasar Tasawa, Laftana Pallier ya karɓi ragowar rundunar, ya haɗu da mayaƙan Damagaram a Tirmini a ƙarshen watan Yuli 1899. A nan, a maƙwabtan Takieta, ƴancin daular ya ƙare. Aka kashe Kuran Daga a cikin shekarar, aka naɗa Ahmadu ɗan Bassa. A 1906 Turawa suka zarge shi da ƙulla tawaye tare da wasu manya, ciki har da attajirin nan Malam Yaro, suka tuɓe shi suka kore shi daga ƙasar. Riƙon Zinder ya koma hannun Bellama, bawan fada, kuma ba a mai da sarautar ga gidanta ba sai a 1923 da aka naɗa Barma Mustafa. A cikin waɗannan shekaru ne aka yayyanka ƙasar zuwa kanto-kanto, aka ɗora wa sarakunan kanto karɓar lanho, da tara mutanen aikin dole, da raba gardamar gonaki.

A wasu ƙasashen Afirka Turawa sun ƙwace filaye sun kafa manyan gonakin kansu: Faransawa sun dasa kofi da koko a Kwaddibuwa, Jamusawa sun mamaye gindin dutsen Kamaru, Ingilishi sun zauna a tuddan Kenya. Damagaram ta tsira daga wannan saboda ƙarancin ruwan sama da nisanta da teku. Duk da haka, mulkin mallaka ya girgiza tsarin ƙasa ta hanyoyi uku.

Ta farko ita ce dokar 12 ga Disamba 1905, wadda ta haramta bautar da mutum da cinikinsa a Afirka ta Yamma ta Faransa. Gandun sarki ya rasa hannuwan da ke noma shi. Wasu bayi suka kama hanyar garuruwansu, wasu suka shiga daji suka sari nasu, wasu da yawa kuma suka zauna inda suke, suna noma gonar da suka saba, suna kai dami gidan tsohon ubangida. Dokar ta ƴanta mutum, amma ba ta ce komai a kan gonar da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba. Wannan shirun shi ne tushen ƙararraki da yawa da jikoki suka gada.

Ta biyu ita ce lanho, wanda aka koma karɓa da kuɗin Faransa. Neman kuɗin ya tura samari cin rani, ya kuma tura manoma ga gyaɗa, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kasuwarta ta buɗe. Yunwar Ƙaƙalaba ta 1913 zuwa 1914 ta watsa gidaje da dama, wasu suka jinginar da gonaki suka tafi ba su dawo ba. Saurayin da ya iya biyan lanhonsa da guminsa ya fara ganin ba dole ne ya zauna ƙarƙashin maigida ba, gandun gida ya soma tsagewa. Ba a soke aikin dole ba sai a 1946.

Ta uku ita ce takarda. Dokar 23 ga Oktoba 1904 ta ce duk filin da ba kowa a kai, kuma ba shi da mai shi, na gwamnati ne. Ta 24 ga Yuli 1906 ta kawo rajistar fili da takardar mallaka. Ta 15 ga Nuwamba 1935 ta ƙara da cewa filin da ya shekara goma ba a amfani da shi ya koma hannun gwamnati. Baturen da ya rubuta wannan bai san saura ba, bai san makiyaya ba. Abin da shi yake gani fili ne wofi, mutanen gari sun san sunan mai shi da na kakansa. Sai a 1955 aka sassauta dokar, aka amince da haƙƙin gargajiya.

Gandu na uku: gandun daji

Daga irin wannan tunani ne gandun daji ya fito. Dokar gandun daji ta 4 ga Yuli 1935 ta bai wa gwamna ikon keɓe daji ya hana sara da noma. A shekarun 1950 aka shata gandun dajin Takieta, mai faɗin hekta 6,720. Shi ne babban filin da mulkin mallaka ya ɗauke daga hannun jama'ar wannan yanki ya sa a ƙarƙashin sunan gwamnati. Dajin da ƙauyukan kewaye ke samun itace da ciyawa da magani, wanda garken Fulani da na Abzinawa ke sauka a ciki, ya koma wurin da ake shiga da tsoron ma'aikacin daji da tararsa.

Niyyar tsare itatuwa mai kyau ce, amma abin da aka ce na gwamnati ne kowa ya ɗauke shi ba na kowa ba. Bayan farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, da ƙaruwar jama'a, dajin ya ƙwaƙule, gonaki suka kutsa cikinsa, har aka fara maganar a soke shi a raba. Daga 1995 zuwa 2000 ƙungiyar SOS Sahel tare da ma'aikatar kula da muhalli suka gudanar da wani aiki a Takieta, suka zaunar da manoma da makiyaya, mazauna da masu wucewa, maza da mata, da sarakunan gargajiya, domin su tsara yadda za a tafiyar da dajin tare. Daga wannan zama aka haifi ƙungiyar Ku Tayani, wadda aka danƙa wa kula da gandun. Labarin ya fita har ƙasashen waje, masana suka riƙa kafa misali da Takieta. Hannu biyu ke cuɗa juna, in ji Hausawa. Darasin a fili yake: filin da aka san masu haƙƙi a kansa, aka kuma zauna da su duka, shi ke rayuwa.

Bayan ƴancin kai

Gwamnatocin Nijar sun yi ta taɓa maganar ƙasa. A zamanin Shugaba Diori Hamani, dokar 1960 ta hana karɓar ushira a kan gonaki, ta 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, ta 1962 ta soke gatan da sarakuna ke da shi a kan filayen sarauta. A watan Disamba 1974 Shugaba Seyni Kountché ya yi shelar cewa gona ta zauna a hannun wanda ke noma ta. Masu aro da jikokin bayin gandu sun ji daɗin wannan shela, da yawa suka daina kai dami. Masu bayarwa kuwa suka tsorata, wasu suka karɓe gonakinsu, wasu suka daina ba da aro sam.

A ranar 2 ga Maris 1993 aka kafa dokar tsarin karkara, wato Code Rural, wadda ta daidaita haƙƙin gargajiya da na takarda, ta kuma tanadi kwamitocin kula da filaye da aka fi sani da Kofo. Mirya, wadda Takieta ke ƙarƙashinta a lokacin, tana cikin wuraren farko da aka gwada su. Wani manazarci ɗan ƙasar Danmak, Christian Lund, da ya yi bincike a jihar Damagaram a shekarun 1990, ya nuna cewa jin labarin dokar kaɗai ya tayar da tsofaffin ƙararraki, domin kowa na gaggawar tabbatar da da'awarsa kafin a rubuta. Mai riƙe da hujjar saran kaka da mai riƙe da shelar Kountché suka haɗu a ƙofar fada ɗaya. A 2003 doka ta mai da bautar da mutum babban laifi, a 2010 wata ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin zirga-zirga da dabbobinsu, a 2011 kuma Takieta ta zama gunduma mai haɗe da Garagumsa da Tirmini da Dakusa. Jama'ar Nijar, da ba su wuce miliyan 3 da ɗoriya ba a 1960, sun haura miliyan 17 a ƙidayar 2012. Mutane na ƙaruwa, ƙasa ba ta ƙaruwa.

Kammalawa

Duk dokokin nan sun zo sun tarar da sarki a zaune, kuma doka ta bar masa ikon sulhunta masu gardamar gona kafin a kai ga alƙali. Ƙarfin sarki a wannan aiki bai wuce sanin tarihi ba, tarihin kuwa yana cikin kawunan dattawa, dattawan kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya ga lokacin da aka shata gandun daji da idonsa, yau ya haura shekara saba'in.

Saboda haka babbar kyautar da wannan biki zai bar wa na baya ita ce a rubuta. Kowane mai gari ya tara dattawan garinsa da limami da wakilin makiyaya, a ɗauki maganarsu da na'ura, a bi gonaki ɗaya bayan ɗaya: wa ya sara, ta yaya ta shiga hannun mai noma ta yau, gado ce ko kyauta ko aro ko jingina. Abin da aka yarda da shi a kai gaban Kofo a karɓi takarda, domin kwamitin na ba da shaidar gado da ta saye da ta kyauta, da yarjejeniyar aro da haya da jingina. Mai ba da aro idan yana da takarda ba zai ji tsoron bayarwa ba, mai karɓa kuma ba zai kwana da fargabar kora ba. A rubuta rabon mata kamar yadda shari'a ta yanka musu, a daina haɗiye shi da sunan riƙo. A rubuta burtali da mashaya da makiyaya kafin garma ta cinye su.

Sharaɗi ɗaya ne ya wajaba a kiyaye. Bincike irin wannan na tsare haƙƙi ne, kada ya zama hanyar gori. Iyalin da kakanninsu suka zubar da gumi a gandun sarki sun shekara sama da ɗari a kan wannan ƙasa, a nan suka binne iyayensu, a nan suka yi auratayya da kowa. Haƙƙinsu a kan gonar da suka raya abin dubawa ne da adalci, kamar yadda ake duba haƙƙin wanda kakansa ya fara sa gatari. Sarki uban kowa ne, inuwarsa kuma ba ta tambayar asalin mai fakewa.

Allah ya jiƙan sarakunan da suka gabata, ya gafarta wa waɗanda suka sari dajin nan da waɗanda suka noma shi. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da basira da adalci. Allah ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da Takieta da Damagaram da Nijar baki ɗaya lafiya.